Wa ke zaɓar wa ɗalibi darasin labarin ƙasa?

Duk shekara, idan lokacin zaɓen darussan jarrabawa ya zo, akan miƙa wa ɗalibin sakandare takarda a ce ya sa alama a gaban abin da yake so, daga nan sai kowa ya ɗauka cewa yaro ya bi ra'ayinsa. A ganina wannan zato ne kawai, musamman game da labarin ƙasa, wanda a yawancin tsare-tsaren jarrabawa ba ya cikin darussan dole irin su lissafi. Kafin takardar ta iso hannun yaron an riga an yanke rabin hukuncin, kuma makarantar ce da kanta ta yanke shi, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Malamin da ya fara koyar da darasin shi ne a kan gaba. Akwai malamin da zai shigo aji ya cika allo da sunayen koguna da tsaunuka da manyan birane, ya ce a kwafa a haddace, har zango ya ƙare ba a taɓa buɗe taswira ba. Akwai kuma wanda zai rufe tagogin aji, ya ɗora ƙwallo a kan tebur, ya haska ta da tocila yana juya ta a hankali, yara na kallon yadda gefe ɗaya ke shiga duhu yayin da ɗayan ke wayewa. Daga nan sai ya tambaye su: idan duniya tana juya digiri 360 cikin awa 24, digiri nawa take ci a awa guda? Yaron da ya gano da kansa cewa 15 ne, ya kuma fahimci abin da ya sa ɗan'uwansa da ke wata nahiya yake barci shi yana karin kumallo, da wuya ya manta da wannan rana. Su biyun manhaja ɗaya suke bi, amma idan shekarar zaɓe ta zo, ajin ɗaya zai cika, na ɗayan kuwa sai an yi ta lallashi. Abin takaici, a makarantu da yawa ƙananan azuzuwa ne ake bar wa malamin da ba fanninsa ba ne, ana cewa ai abu ne mai sauƙi, kowa ma zai iya riƙewa.

Sai kuma tsoron karatun taswira, wanda ba a cika faɗarsa a fili ba amma yana korar ɗalibai masu yawa. Labarin ƙasa darasi ne mai ƙafa biyu: ɗaya a kimiyya, inda ake nazarin duwatsu da ruwan sama da zaizayar ƙasa, ɗayar a zamantakewa, inda ake duba yawan jama'a da ƙaura da noma da bunƙasar birane. Yaron da ya gudo daga kimiyya saboda lissafi yakan shigo yana zaton labari kawai zai sha, sai ya tarar da taswira mai ma'aunin 1:50,000, an ce ya shimfiɗa zare a kan kogi mai lanƙwasa, ya miƙe zaren a jikin rula, ya mayar da santimita zuwa kilomita. Lissafin bai taka kara ya karya ba, domin kowace santimita 2 tana daidai da kilomita 1 ne, amma idan an bari sai shekarar ƙarshe aka fara nuna masa taswira, layukan da ke nuna tudu da kwari za su zame masa tamkar rubutun wani yare. Shi ne zai fita ya shaida wa na bayansa cewa darasin nan tarko ne. A jarrabawar WAEC ta Yammacin Afirka karatun taswira ba abin da ake tsallakewa ba ne, saboda haka makarantar da ba ta da taswirorin gwaji ta riga ta kashe wa ɗalibanta gwiwa.

Jadawali ma yana yin zaɓe a madadin yaro, kuma shi ba a ganin hannunsa. Idan an sa labarin ƙasa a awa ɗaya da wani darasin da ɗalibi ke buƙata don shiga jami'a, magana ta ƙare, ko da kuwa yana mutuwar son taswira. Abin da ya faru a Ingila ya isa hujja. A can ɗalibai kan zaɓi darussan jarrabawar sakandare da ake kira GCSE suna 'yan shekara 13 zuwa 14. A 2010 gwamnati ta ɓullo da ma'aunin EBacc, domin duba ɗalibai nawa ne a makaranta suka haɗa Turanci da lissafi da kimiyya da wani harshe, tare da tarihi ko labarin ƙasa. Bayan haka masu ɗaukar labarin ƙasa suka ƙaru sosai. Babu mai hankalin da zai ce yaran Ingila sun kwana sun tashi da son tsaunuka. Makarantun ne suka ga inda za a auna su, sai suka gyara jadawali suka karkata yara zuwa can.

A gida kuwa tambaya ɗaya ce: me za ka zama da shi? Ban ga laifin uban da ya yi ta ba, domin shi ke ɗawainiya. Laifin na waɗanda ya kamata su ba shi amsa ne suka yi shiru. Masu tsara birane da safiyo da masu hasashen yanayi da masu fassara hotunan tauraron ɗan'adam duk da wannan ilimi suke cin abinci. Uban da ya ƙudurta cewa sai likita ma ana iya ba shi labarin John Snow, likitan da a 1854 ya zana gidajen waɗanda kwalara ta kashe a kan taswirar wata unguwa a Landan, aka ga mace-macen sun taru kewaye da famfon ruwa guda na titin Broad.

Abokai da jita-jitar cewa darasi kaza ya fi saurin ba da maki suna da tasu rawar, amma iska ce da ke sauya alkibla duk shekara, ba zan daɗe a kanta ba.

Za a iya ce mini na rage wa yara daraja, cewa akwai waɗanda tun suna ƙanana suke tambayar inda kogi ya samo asali, kuma labaran ambaliya da fari da sauyin yanayi sun sa matasa da yawa neman sanin dalili. Gaskiya ne, na kuma yarda akwai irinsu. Sai dai irin wannan sha'awa ba ta daɗewa idan aka kulle ta tsakanin bango huɗu. Shi ya sa tsarin GCSE na yanzu ya wajabta wa ɗalibin labarin ƙasa fita nazarin fili aƙalla sau biyu a wurare mabambanta. Ba sai an yi hayar mota ba: kwalbatin da ke bayan makaranta, da ramin da ruwa ya zaizaye a gefen filin ƙwallo, sun isa a auna faɗi da zurfi a zana. Shugaban makarantar da ke ƙorafin cewa ajin labarin ƙasa ya zama kufai, ya fara duba wanda ya tura ƙananan azuzuwa, da darasin da ya haɗa shi awa ɗaya da shi, sannan ya buɗe kabad ya ƙirga taswirorin da suka rage.