Mudu biyu a hannun mutum ɗaya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

'Yan'uwa, wannan nasiha kaina nake fara yi wa ita kafin kowa, domin ni ma ina cikin masu zama a bencin gidan kallo ranar Asabar, kuma ina da ƙungiyar da gabana ke faɗuwa idan an kai mata hari. Abin da ya tayar da maganar shi ne wani dare da muka tashi daga kallon wasan Arsenal da Chelsea a unguwarmu, muka dunguma zuwa teburin mai shayi kamar yadda aka saba. A cikin wasan alƙali ya bayar da bugun daga kai sai mai tsaron gida, aka maimaita hoton a hankali har sau huɗu, kowa ya gani da idonsa a allo ɗaya, amma rabin ɗakin suka rantse da Allah cewa an taɗe ɗan wasan, sauran kuma suka rantse da Allah cewa da gangan ya faɗi. Idan ka duba rigar da ke jikin mutum, ka san hukuncinsa tun bai buɗe baki ba.

Shayi bai huce ba hira ta koma kan farashin taki da na hatsi, sai na ga abin da ya ba ni tsoro: mutanen nan dai, da muryar nan dai, da rantsuwar nan dai, suka ci gaba da musu kamar ba a sauya magana ba. Wanda jam'iyyarsa ke mulki ya ce abinci ya yi sauƙi, ɗan adawa ya ce an kashe manomi, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya tambayi nawa ake sayar da buhun kamfa ko yuriya a kasuwar da ke bayansa.

Son kai a kan ƙwallo ɓarnarsa ba ta da nisa, in ban da rantsuwar da ake yi a kan abin da zuciya ta san ba haka yake ba, wadda ita kam ba ƙaramin abu ba ce. 'Yan wasan da ke Landan ba su san sunanmu ba, kuma musunmu ba ya ƙara musu maki ko ɗaya. Amma maganar tallafin noma da rufe iyaka magana ce ta rumbun wani da tukunyar wani, kuma abin da muke faɗa a majalisa shi ne yake zama ra'ayin gari, shi ne kuma muke ɗauka mu je rumfar zaɓe da shi.

Mu tuna abin da ya gudana a gaban idonmu. A shekarar 2012 aka soma tura wa manoma saƙon taki ta wayar hannu, mutum ya karɓi buhu biyu a kan rabin kuɗi. A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin rancen Babban Banki ga manoman shinkafa a Birnin Kebbi, daga baya kuma aka zo da shirin haɗa taki a cikin gida tare da ƙasar Maroko, wanda ya tsayar da buhu a kan naira 5,500. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a soma buɗe su ba sai Disamba na 2020. Ranar 29 ga Mayu na 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli na wannan shekarar kuma aka sake rufe iyaka, har motocin kaya suka yi cirko-cirko a Jibiya da Illela da Maigatari. A Yuli na 2024 gwamnati ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai akwai wanda ya ci moriyarsa, akwai wanda ya kwana da yunwa saboda shi. Rufe iyaka ya ɗaga darajar shinkafar gida, manomin Argungu da na Kura suka ji daɗi, amma magidancin birni mai albashi ya sayi mudu da tsada, ɗan kasuwar da ke tsakanin Maraɗi da Katsina kuma jarinsa ya narke. Buɗe ƙofa ga hatsin waje ya sauƙaƙa wa mai saye, ya bar wanda ya ci bashin taki yana lissafi da yatsu. Duka biyun gaskiya ne, kuma mumini ba ya ɓoye rabin gaskiya don rabin ya yi wa jam'iyyarsa nauyi.

Na san mutumin da ya yaba rufe iyaka a 2019 ya kira shi kishin ƙasa, ya zo ya la'anci rufe ta a 2023. Dalilan rufewar biyu sun bambanta, wannan haka ne, kuma mutum yana iya yarda da ɗaya ya ƙi ɗaya da hujja. Amma da na tambaye shi game da direbobin da albasarsu ta ruɓe a kan iyaka a karon farko, sai ya ce ai gyara ba ya yiwuwa sai an sha wuya. Wuyar da ya yafe wa gwaninsa ita ce ya kasa yafe wa gwanin wani.

Allah Maɗaukakin Sarki ya buɗe Suratul Muɗaffifina da alƙawarin azaba ga masu tauye mudu, waɗanda idan za su karɓa daga mutane sai a cika musu, idan kuma za su auna wa mutane sai su rage. Ayar tana magana ne a kan awon kasuwa, kuma duk wanda ya taɓa shiga Dawanau ya san dabarar mai mudu biyu, babba na saye da ƙarami na sayarwa. To, wanda ke auna laifin abokin hamayya da babban mudu, ya auna na gwaninsa da ƙarami, ya kamata ya tsaya ya duba ko halin nan ne ya biyo shi daga kasuwa zuwa harshensa. A Suratul Ma'ida, aya ta 8, Allah ya hore mu da kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu ƙi yin adalci, ya ce mu yi adalci domin shi ne mafi kusa da taƙawa. Bai ware abokin adawar siyasa daga cikin wannan umarni ba.

Akwai kuma hadisin Jabir, Allah ya yarda da shi, a Bukhari da Muslim, inda saɓani ya shiga tsakanin wani Bamuhajire da wani Ba'ansare a wata tafiya, kowannensu ya yi kururuwar neman mutanensa, sai Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya kira wannan kiran jahiliyya, ya ce a bar shi domin abu ne mai wari. Ku duba fa, Muhajirai da Ansaru sunaye ne da Alƙur'ani da kansa ya yaba, amma da aka mayar da su tutar goyon bayan nawa ko da gaskiya ko babu, sai aka hana. Ina ga sunan ƙungiyar ƙwallo, ina ga sunan jam'iyyar da 'yan siyasarta ke sauya sheƙa kafin damina ta zagayo?

Kuma laifi tudu ne. Wanda ya fi kowa ɗaga murya a daren nan a kan cewa an sace tallafi, duk majalisar mun san cewa a wani rabon taki da aka yi a garinmu ya shigar da sunansa alhali ko fegi bai noma ba, ya karɓi buhu biyu ya sayar da su a bakin ƙofar wurin rabon kafin la'asar. Takin nan haƙƙin wani manomi ne da ya yi layi tun asuba ya koma gida hannu rabbana. Mun gani, mun yi shiru, domin namu ne.

A ƙarshen bencin akwai wani dattijo da ke noman rani, wanda ba ya kallon ƙwallo, shayi kawai yake zuwa sha. Da musu ya yi tsami sai wani matashi ya juya ya ce masa, "Baba, kai da ke cikin harkar, raba mana gardama, wace gwamnati ce ta fi?" Dattijon ya ajiye kofinsa ya ce, "Ɗana, ni abin da na sani shi ne bana sai na sayar da masara kusan buhu biyu kafin in sayi taki buhu ɗaya, ga man injin ban ruwa ban lissafa ba. Tun ɗazu kuke magana a kaina, cikinku wa ya tambaye ni?" Babu wanda ya amsa masa. Ya biya kuɗin shayinsa, ya ɗauki fitilarsa, ya ce gobe da sassafe zai je ba albasa ruwa.