Mai shan kodin da tramol majinyaci ne, kuma ciwonsa yana da magani

Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu da ta sayar da keken ɗinkinta da 'yan kunnen gwal da ta gada domin ta biya kuɗin ajiye ɗanta a gidan mari. Yaron ya fara da maganin tari mai kodin tun yana sakandare, daga baya ya haɗa da tramol. Wata huɗu ya yi da sarƙa a ƙafa. Ranar da aka dawo da shi na je yi mata barka, na same shi zaune a kan tabarma ya murmure, idonsa ya washe, ga tabon mari a idon sawunsa, ita kuwa sai cewa take yi, "Malam, taya ni godiya ga Allah, an raba shi da ita." Bai cika mako biyu a gida ba aka tsinci gawarsa a wani kango bayan layinsu. Ya sha daidai adadin da ya saba sha kafin a kulle shi, jikinsa kuwa ya riga ya daina jure wannan adadin, numfashinsa ya tsaya yana cikin barci.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan haɗari. Wani bincike da aka wallafa a 2007 a kan fursunonin jihar Washington ta Amurka ya nuna cewa a makonni biyun farko bayan sakinsu, haɗarin mutuwarsu ta hanyar shan ƙwaya fiye da ƙima ya ninka na sauran jama'a sau 129. Kulle mutum yana raba shi da ƙwaya na wani lokaci, amma ba ya taɓa ƙishirwarta da ke cikin ƙwaƙwalwarsa, sai dai ya cire masa juriyar da ke kare shi daga mutuwa.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya, miliyan 4.6 daga cikinsu suna shan magungunan kashe zafi irin su tramol da kodin ba da izinin likita ba, kuma a jihar Kano kaɗai masu shaye-shayen sun haura miliyan 1. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, aka bi da irin wannan samame a Daura da wasu garuruwa. Duk matakan nan sun dace. Abin da ba a amsa ba shi ne inda uwa za ta kai ɗanta bayan an rufe gidan marin, kuma kwalbar da yake saye ta ninka kuɗi a bayan fage.

Kodin da tramol da allurar fentazosin, wadda masu ciwon sikila da yawa suka kamu da ita ta hanyar neman sauƙin raɗaɗi, dangi ɗaya ne da hodar heroin. Idan mutum ya daɗe yana shansu, ƙwaƙwalwa tana sake tsarinta ta dogara da su, ta yadda idan ya wayi gari bai samu ba sai hamma da hawaye da majina su fara, gumi ya keto masa, ciki ya murɗa da amai da gudawa, ƙasusuwa su yi kamar ana sara su, barci ya ƙaurace masa kwana da kwanaki. Wanda ya kai wannan matsayi ba daɗi yake nema ba, gudun azaba yake yi, shi ya sa yake rantsuwa da Alƙur'ani da dare cewa ya daina, da safe kuma a gan shi a ƙofar dila.

A nan ne magani ke shigowa. A tsakiyar shekarun 1960 likitoci biyu, Vincent Dole da Marie Nyswander, suka gwada bai wa masu shan heroin a birnin New York maganin metadon sau ɗaya a rana, suka ga mutanen da aka yanke ƙauna da su sun koma aiki da karatu. Metadon yana zama a gurbin da ƙwayar ke zama a ƙwaƙwalwa, yana aiki a hankali na tsawon yini da kwana, saboda haka idan an daidaita adadinsa babu maye, babu kuma azabar rashi. Na biyunsa, bufirenofin, wanda ake sawa a ƙarƙashin harshe, yana da iyakar da ba ya wucewa wajen danne numfashi, don haka ya fi aminci. Faransa ta bai wa likitocin unguwa damar rubuta shi a tsakiyar shekarun 1990, cikin 'yan shekaru mace-macen shan ƙwaya fiye da ƙima suka ragu da kusan kashi 80 cikin 100. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya magungunan biyu cikin jerin waɗanda ya wajaba kowace ƙasa ta tanada.

Na san abin da mai karatu zai ce, domin na ji shi daga bakin mutanen da nake girmamawa: ai wannan sauya ƙwaya da ƙwaya ne, kuma Annabi (SAW) ya ce game da giya ita ba magani ba ce, cuta ce. Hujja ce mai nauyi, bai kamata a wuce ta da gaggawa ba. Sai dai abin da shari'a ta hana shi ne gusar da hankali, kuma babu malamin da na sani da ya hana a yi wa mai ciwon daji allurar mofin ko a sumar da mai tiyata, domin larura ce, likita ne kuma ya auna. Matashin da ya sha metadon da safe a gaban ma'aikaciyar jinya ya tafi shagonsa, ya yi sallolinsa biyar cikin hayyacinsa, ya daina ɗaukar tukunyar mahaifiyarsa yana sayarwa, hankalinsa aka dawo masa da shi. Ƙasashen Musulmi ma sun riga mu fahimtar haka. Iran tana da ɗaya daga cikin manyan shirye-shiryen metadon a duniya, Malesiya ta fara nata a 2005, har aka kai ga raba maganin a harabar masallacin Ar-Rahman da ke Kuala Lumpur, inda majinyaci ke karɓar maganinsa ya kuma saurari nasiha. A Afirka, Tanzaniya ta buɗe sashen metadon a asibitin Muhimbili na Dar es Salaam a 2011, Kenya da Senegal suka biyo baya.

Giya kuwa ba ma son zancenta a fili, amma ana shanta a garuruwanmu, a ɓoye da bayyane. Wanda ya daɗe yana sha kullum, idan aka yanke masa rana ɗaya yana iya fara karkarwa da farfaɗiya, bayan kwana biyu ko uku ya rikice yana ganin abin da babu shi, wanda sau da yawa ake ɗauka aljanu ne, alhali hali ne da ke kisa idan ba a kwantar da shi an ba shi diyazifam da sinadarin bitamin B1 ba. Bayan wannan mataki akwai naltirekzon da ke rage sha'awar giyar, da akamfuroset da ke taimakawa wajen ɗorewa, da disulfiram da ke sa jiki ya ƙi ta. Babu ɗaya daga cikinsu mai sa maye.

Akwai tsoron da ni ma nake da shi. A ƙasar da ake sayar da tramol mai ƙarfin miligiram 225 a kan tire, alhali wanda doka ta yarda da shi bai wuce 100 ba, idan metadon ya faɗa hannun 'yan kemis marasa tsoron Allah da masu tallar magani a tasha, to an ƙara wa borno dawaki. Metadon ya fi kodin da tramol ƙarfi nesa ba kusa ba, yana iya kashe yaron da ya kurɓi ragowar na yayansa, kuma ba kowane mai shan kodin ne yake bukatarsa ba, wani bufirenofin ya ishe shi, wani kuma rage masa a hankali da shawarwari sun wadatar. Wannan hukunci ne na likita, bisa gwaji da tarihin majinyaci. Haka kuma maganin shi kaɗai ba ya samar wa matashi sana'a, ba ya sasanta shi da mahaifinsa, ba ya warkar da damuwar da ta jefa matar aure cikin shan sirof a ɗakinta, sai an haɗa da masu ba da shawara da dangi da malamai.

Muna da inda za a fara. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da na Maiduguri da Dawanau a Kano suna da likitocin da suka san wannan aiki, amma gadajensu ba za su ɗauki ko kashi ɗaya cikin ɗari na masu bukata ba, kuma yawancin majinyatan nan ba kwanciya suke bukata ba. Gwamnatocin jihohi su buɗe ƙananan sassa a manyan asibitocin ƙananan hukumomi inda za a riƙa ba da maganin kullum a gaban ma'aikaci, da rajista da kulle mai tsauri, da ranaku ko ƙofa ta daban domin mata. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta riƙa miƙa wanda ta kama da kwalba biyu na shansa ga waɗannan sassa, ta ajiye ƙarfinta ga masu shigo da kwantena. A kuma tanadi allurar naloksan, mai farfaɗo da wanda numfashinsa ya fara tsayawa, a kowane ɗakin gaggawa, a koya wa iyaye alamun da za su gani su garzaya: munshari mai nauyi, leɓɓa sun yi shuɗi, ƙwayar ido ta tsuke, ana girgiza shi ba ya farkawa.