Cire littafin Steinbeck daga manhajar Wales: an bar jaki ana dukan taiki

Hukumar shirya jarrabawa ta yankin Wales na Birtaniya, WJEC, ta cire littafin Of Mice and Men na John Steinbeck daga cikin littattafan da ɗalibai za su nazarta domin jarrabawar sakandare ta GCSE daga watan Satumban 2025, kuma kwamishiniyar kare haƙƙin yara ta yankin, Rocio Cifuentes, ta yi marhabin da matakin bisa hujjar cewa kalaman ƙasƙanci da ke cikinsa suna cutar da yara baƙaƙen fata a aji. Ba na shakkar kyakkyawar niyyar masu wannan mataki, amma ina ganin sun yi kuskuren da zai fi cutar da waɗanda suke cewa suna karewa.

Wanda ya karanta littafin, da aka wallafa a 1937, ya san cewa baƙar fata guda ɗaya ne a cikinsa, wato Crooks, mai kula da dawakan wata gona a jihar Kalifoniya lokacin matsin tattalin arzikin shekarun 1930. Doki ya taɓa harbinsa har bayansa ya lanƙwashe. Ba a yarda ya kwana a ɗakin da sauran leburori suke kwana ba, sai a wani ɗan ɗaki jikin barga inda ake rataye linzami da sauran kayan dawaki, kuma cikin 'yan kayansa akwai tsohon ƙamus da yagaggen kundin dokokin jihar na 1905, mutumin da yake karanta haƙƙinsa a takarda alhali ya san babu mai ba shi. Da ya yi ƙarfin halin cewa matar ɗan mai gona ta fita masa daga ɗaki, sai ta jefe shi da muguwar kalmar ƙasƙanci da ake zagin baƙaƙen fata da ita, ta tuna masa cewa tana iya sa a rataye shi a bishiya, nan take ya ƙanƙance ya yi shiru. Ɗalibi ɗan shekara 15 da ya karanta wannan shafi ya ga yadda wariyar launin fata take aiki fiye da abin da kowane taƙaitaccen darasin tarihi zai nuna masa, kuma zafin kalmar yana daga cikin abin da ake so ya ji.

Masu goyon bayan cirewar suna cewa yaro baƙar fata guda ɗaya a cikin aji cike da fararen fata yana shan baƙin ciki idan aka karanta kalmar da ƙarfi, 'yan ajin kuma suka ɗauke ta zuwa filin wasa suna tsokanarsa da ita. Wannan gazawar malami ce da ta hukumar makaranta, kuma yaron da ya zagi ɗan uwansa da ita bai jira Steinbeck ya koya masa ba, ya daɗe da jin ta a gida ko a wayarsa.

Amurka ta riga ta bi wannan hanya, kuma an ga inda ta kai. A 2011 wani kamfanin ɗab'i ya fitar da Huckleberry Finn na Mark Twain bayan an goge kalmar a wurare 219 an maye gurbinta da "bawa", kamar dai bauta ta fi sauƙin haɗiya. A 2018 makarantun Duluth a jihar Minnesota suka cire shi tare da To Kill a Mockingbird daga karatun dole. A 2020 kuma hukumar makarantun Burbank a jihar Kalifoniya ta dakatar da littattafai biyar, ciki har da Roll of Thunder, Hear My Cry, wanda Mildred Taylor ta rubuta, mace baƙar fata haifaffiyar Mississippi da ta gina labarinta a kan abin da danginta suka gani da idonsu. Dokar da ta kai ga rufe bakin jikar waɗanda aka zalunta da sunan kare jikokinsu ta riga ta tona asirin kanta. Waɗanda suka fi samun sauƙi a nan su ne manyan da ba sa son a tambaye su abin da kakanninsu suka aikata.

Mu a nan muna da darasin da ya fi kusa. Wani marubuci Bature, Joyce Cary, ya yi aikin mulkin mallaka a Borgu, kuma a 1939 ya fitar da Mister Johnson, labarin wani akawu baƙar fata a arewacin Nijeriya da aka zana shi kamar yaro mai wauta da son burge Bature. Wannan littafi ya fi na Steinbeck muni nesa ba kusa ba, domin raini a cikinsa na marubucin ne da kansa. Chinua Achebe ya karanta shi yana ɗalibi a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, ransa ya ɓaci, kuma ya sha faɗa cewa wannan ɓacin rai yana cikin abin da ya tura shi rubuta Things Fall Apart, wanda ya fito a 1958. A 1975 ya tsaya a Jami'ar Massachusetts ya kira Joseph Conrad, marubucin Heart of Darkness, mai wariyar launin fata a gaban malaman da suka yi shekaru suna koyar da littattafan Conrad ɗin. Da wani kwamiti mai tausayi ya ɓoye masa waɗannan littattafai don kada ransa ya ɓaci, da wuya a samu wannan amsa.

Abin da Wales take buƙata shi ne malaman da aka horar su riƙe aji, waɗanda za su hana furta kalmar da baki, su hukunta duk wanda ya yi wasa da ita, su kuma ajiye marubuci baƙar fata kusa da Steinbeck domin ɗalibi ya ji ɓangarorin biyu. Wannan aiki ne mai cin kuɗi da lokaci, shi ya sa hukumomi suka gwammace su soke sunan littafi daga takarda.