Kotun da ta ƙi yin hukunci, ta riga ta yi hukunci

Kun dai ga abin da aka yi a jihar Texas ta Amurka a watan Agustan 2025. Ba a yi sabuwar ƙidaya ba, shekaru goman da aka saba jira ba su cika ba, amma 'yan majalisar jihar suka zauna suka sake zana iyakokin mazaɓu don jam'iyyar Republican ta ƙara kujeru biyar a majalisar wakilan tarayya. Ko ɓoyewa ba su yi ba! Wannan maguɗi ne, an dai yi shi kafin ranar zaɓe.

Ni kuwa 'yan siyasar ba su ne suka fi ba ni haushi ba. Kowa ya san ba a ba kura ajiyar nama. Haushina na kan Kotun Ƙolin Amurka, wadda a 2019, a shari'ar Rucho, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu suka ce zana mazaɓa don fifita jam'iyya batun siyasa ne da kotunan tarayya ba su da hurumi a kai. To wa ke da hurumin? Mutanen da suka zana taswirar? A wannan shari'ar fa, ɗan majalisar jihar North Carolina, David Lewis, ya faɗa da bakinsa cewa ya tsara kujeru 10 ga Republican da 3 ga Democrat ne saboda bai ga yadda za a samu 11 da 2 ba. Kotu ta ji wannan, ta kakkaɓe hannu. Alƙalin da ya ƙi shiga tsakani ya ba mai riƙe da alƙalami gaskiya.

Ku dubi Nashville, a jihar Tennessee. Birni guda da ya daɗe yana zaɓen ɗan Democrat, a 2022 aka tsaga shi gida uku, aka haɗa kowane yanki da ƙauyukan da za su danne shi. Mace ta bi layi, ta dangwala, an ƙirga ƙuri'arta daidai, amma an gama yanke sakamakon tun a ɗakin da aka ja layin. Wannan ne ke ci min rai, wallahi.

Kada wani ya zo min da "ai Democrat ma suna yi". Na sani. Suna yi a Illinois, Kalifoniya ma ta rama a Nuwamban 2025. Wannan ai hujjata ce: tunda kowa na yi, sai kotu ta tsawatar wa kowa. Masu cewa "a kayar da su a akwati" kuma, da wace taswira?

Kotun nan ta taɓa iyawa. A 1964, a shari'ar Reynolds da Sims, Alƙali Earl Warren ya ce 'yan majalisa mutane suke wakilta, ba itatuwa ko filaye ba. A 2023 ma ta tilasta wa jihar Alabama, inda baƙar fata suka haura kashi ɗaya cikin huɗu amma mazaɓa ɗaya tak cikin bakwai suke da rinjaye, ta gyara. Da aka gyara, Shomari Figures, baƙar fata ɗan Democrat, ya ci kujerar mazaɓar da aka sake zanawa a 2024. Ashe in kotu ta so, tana iyawa.