Adidas da Puma ba 'yan Amurka ba ne

Abin yana ɗan sosa mini rai idan na ji ana cewa Adidas da Puma kamfanonin Amurka ne. Masu faɗin haka suna da uzuri, don a ƙafar mawaƙa da 'yan wasan Amurka muka saba ganin takalman, kuma a shago gefen Nike ake jera su. To Nike ɗin kam na Amurka ne.

Su biyun nan kuwa 'yan Jamus ne, daga Herzogenaurach, wani ɗan ƙaramin gari a jihar Bavaria, kusa da Nuremberg. Har gobe a can hedikwatarsu take. Wa da ƙane ne, Rudolf da Adolf Dassler, suka fara ɗinkin takalma a ɗakin wankin mahaifiyarsu, suka buɗe masana'anta a 1924. Zaman ya ƙi daɗi, suka raba gari a 1948. Rudolf ya haye kogin Aurach ya kafa Puma, ƙanen kuma ya yi wa Adidas rajista a 1949. Ko sunan ma shaida ne: Adi laƙabin Adolf, "das" kuma farkon Dassler.

Rigimar ta raba garin biyu, har aka riƙa cewa sai an leƙi takalmin mutum kafin a yi masa magana. A nan Lothar Matthäus ya taso, kyaftin ɗin da ya ɗaga wa Jamus ta Yamma kofin duniya a 1990. Mahaifinsa ya yi aiki a Puma.