Mita 500 ɗin da ke raba jirgi da bala'i

Jiragen ruwan da ke tashi daga Legas da tashar Onne ta Jihar Ribas suna kai bututu, siminti, man dizal da ruwan sha ga dandamalan haƙar mai a teku ba sa shiga labarai sai ranar da wani ya kife. A watan Mayun 2013 jirgin ja mai suna Jascon 4 ya kife a teku, daura da gaɓar Escravos ta Jihar Delta. Mutum 12 ne a ciki, ɗaya ya tsira, mai dafa abinci Harrison Okene, bayan kusan awa 60 a ƙarƙashin ruwa.

A ganina, haɗari mafi girma yana cikin zoben mita 500 da ke kewaye da dandamali. Kafin jirgi ya shiga, dole a gwada inji da sitiyari da farfelun gefe, a tabbatar da rediyo, a nemi izini. Sannan ya tsaya ta ɓangaren da iska da ruwa za su ture shi nesa idan inji ya mutu. Wanda ya tsaya ta inda iska ke tura shi kan dandamali ya jingina rayuka a kan na'ura kawai. Na'urar kwamfuta mai tsayar da jirgi wuri guda tana yin kuskure in siginar GPS ta ɓace ko janareta ya ɗauke. A 2005 wani jirgin tallafi ya bugi bututun gas a Mumbai High da ke Indiya, gobara ta cinye dandamalin, mutum 22 suka rasa rayukansu.

A bayan jirgi kuwa, igiyar ƙarfe ce ke kisa. Idan ta tsinke a ɗaure, dawowa take kamar bulala. Kada kowa ya tsaya a layinta, ko ƙarƙashin kayan da ake ɗagawa, ko tsakanin kwantena biyu. Ƙofofin hana ruwa su kasance a rufe, kuma a gwada maɓallin sakin igiya kafin aiki.

Sai gajiya. Ƙa'idar STCW, wato yarjejeniyar duniya kan horo da aikin ma'aikatan jirgin ruwa, ta ba ma'aikaci hutun awa 10 a cikin 24, da awa 77 a mako. Cike takardar hutu ba wuya. Shi ya sa jami'an NIMASA, hukumar kula da sufurin ruwa ta Najeriya, ya kamata su riƙa gwada ta da littafin aikin jirgi, domin mutumin da aka rubuta yana barci da ƙarfe uku na dare ba zai yiwu kuma yana ɗaure kaya a lokacin ba.

Kuma kyaftin ɗin da ya ce teku ta yi muni, a dakata, kada ya dawo Apapa ya tarar an maye gurbinsa.