Manyan sawun ne ke nuna inda zomon ƙanƙara ya nufa

Sababbin mafarauta a dazuzzukan Kanada da Alaska sukan ga sawu huɗu na zomo ɗaya a kan dusar ƙanƙara, biyu ƙanana biyu manya, sai su ɗauka ƙananan ne ke gaba tunda ƙafafun gaba ne suka yi su. Da wannan lissafin, mutum zai yini yana bin hanyar da zomon ya baro.

Idan zomon ya yi tsalle, ƙafafun gaba ke fara taɓa ƙasa, ɗaya a bayan ɗaya, sannan na baya su wuce su ta gefe su sauka a gabansu, a jere. Saboda haka manyan sawun nan masu faɗi, masu tsawon santimita 12 zuwa 15, su ne gaba. A duba tazarar da ke tsakanin tsalle da tsalle ma: idan gajeriya ce, kiwo yake yi hankali kwance, idan ta kai mita 2 ko 3, an razana shi. Sabon sawu bakinsa a tsaye yake, na jiya kuwa iska da rana sun cinye gefensa.

Kada a ɓata lokaci neman rami, wannan zomon a ƙarƙashin rassa masu duhu yake laɓewa. Da yake gashinsa fari ne fat a lokacin hunturu, baƙin idonsa da baƙin ƙarshen kunnensa ake nema. In kare ya tashe shi, a tsaya kusa da wurin, yakan yi zagaye ya dawo.